Yadda Ake Zaɓen Tsirkiyoyin Jitar Lantarki Domin Saukakken Saiti a Kiɗan Hebi Metal

Duk wanda ya taɓa sassauta kunnuwan jitarsa ta lantarki domin ya kai ga muryar nan mai kauri da ake ji a kiɗan hebi metal, alhali bai canza tsirkiyoyin da ke kanta ba, ya san abin da yake biyo baya. Tsirkiya ta shida, wadda ta fi sauran kauri, takan saki jiki ta riƙa dukan firet, wato ƙananan sandunan ƙarfe da ke jere a wuyan jita, tana ƙara marar daɗi, sautin da ya kamata ya fito ya tsaya daram sai ya riƙa hawa da sauka, kuma idan aka danne tsirkiyar da gefen tafin hannu domin a samu dukan nan mai nauyi da wannan kiɗa ya dogara a kansa, abin da ke fitowa daga amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, ba ya wuce gurnani marar kan gado. Shawarar da aka fi bai wa mai wannan matsala ita ce ya je ya sayi tsirkiya mai kauri. Akwai gaskiya a cikinta, sai dai ba ta faɗi kaurin da ake bukata ba, ba ta kuma faɗi inda ƙarin kauri yake daina amfani ya koma ɓata sauti ba. Abin da ya kamata mai jita ya sa a gaba shi ne ɗamewar tsirkiya, wato ƙarfin jan da take yi tsakanin kan jita da jakinta, wato ƙarfen da ke riƙe da gindin tsirkiyoyi a gangar jita. Kauri hanya ce kawai ta kaiwa ga ɗamewar da hannunsa yake so.

Lambobin da ke jikin fakiti suna nuna kaurin tsirkiya ne da kashi ɗaya cikin dubu na inci. Fakitin da aka rubuta wa 10-46 yana farawa da siririya mai kauri 10 ya ƙare da mai kauri 46, wadda ta ɗan haura milimita ɗaya kaɗan, kuma tsakaninsu yawanci akwai 13 da 17 da 26 da 36. A saitin da aka saba, wato E, A, D, G, B, E, waɗanda su ne sunayen muryoyin tsirkiyoyin daga ta shida zuwa ta farko, tsirkiya ta shida tana kaɗawa kusan sau 82 a daƙiƙa ɗaya, kuma idan mai kauri 46 ce a kan jita mai zangon inci 25.5, janta yana kusan kilo 8. Zango a nan shi ne tsawon ɓangaren tsirkiya da ke kaɗawa, daga matashin da ke ƙarshen wuya zuwa sirdin da ke kan jaki. Yawancin jitocin Fender da Ibanez da Jackson suna da zangon inci 25.5, na Gibson kuma 24.75, jitocin da ake kira baritan kuwa sukan kai 27 ko sama da haka.

Tun a ƙarni na 17 Marin Mersenne na Faransa ya rubuta ƙa'idar da ke haɗa waɗannan abubuwa, kuma har yau da ita kamfanonin tsirkiya suke lissafi. Tsayin murya ya dogara ne a kan abubuwa uku: tsawon tsirkiya, da nauyinta, da ɗamewarta. Abin da ya shafi mai jita kai tsaye shi ne cewa ɗamewa ba ta raguwa daidai da saukar murya, tana raguwa fiye da haka. Duk mataki ɗaya da aka sauka, wato tazarar firet ɗaya, tsirkiya tana rasa kusan kashi 11 cikin 100 na janta. Matakai biyu, daga E zuwa D, suna cin kusan kashi ɗaya cikin biyar. Matakai huɗu, daga E zuwa C, suna barin kashi 63 cikin 100 kawai, wanda ke nufin mai kauri 46 ɗin nan da take jan kilo 8 ta koma kilo 5, idan kuwa aka kai ta B sai ta faɗi ƙasa da kilo huɗu da rabi. A wannan hali ta zama tamkar igiyar shanya da ruwa ya jiƙa, kuma babu gwanintar hannu da za ta sa ta yi magana sarai.

Lissafin da zai kai ka ga kaurin da ya dace

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce mutum ya fara daga abin da hannunsa ya riga ya saba da shi. Idan kana jin daɗin 10-46 a saitin E, to ɗamewar wannan fakiti ita ce ma'auninka, kuma aikinka shi ne ka maido da ita a sabon saitin. Tunda nauyin tsirkiya yana ƙaruwa ne gwargwadon faɗin bakinta, lissafin ya zo da sauƙi: duk mataki ɗaya da ka sauka, ka ƙara kusan kashi 6 cikin 100 a kan kaurin. Matakai biyu suna bukatar a ninka lambar da 1.12, uku da 1.19, huɗu da 1.26, biyar da 1.33, bakwai kuma da 1.5. Wannan kiyasi ne, domin tsirkiya mai naɗi, wato wadda aka naɗa wata waya a kan wayar cikinta, ba dunƙulallen ƙarfe ba ce kuma kowane kamfani yana da nasa kaurin wayar ciki, amma yana kai mutum kusa da amsa ƙwarai. Wanda yake son adadi na daidai yana iya duba jadawalin ɗamewa da D'Addario da wasu kamfanoni suke wallafawa.

A ɗauki saitin D, wanda ƙungiyar Gojira ta Faransa ta yi yawancin kiɗanta da shi, inda aka sauke dukkan tsirkiyoyi shida da matakai biyu. Mai 10-46 zai samu 11 da 15 da 19 da 29 da 40 da 52, don haka fakitin 11-52 ya yi masa daidai. Mai son 9-42 kuwa bai bukatar wahala, domin 10-46 da ke kowane shago ita ce amsarsa. A saitin C, irin na Arch Enemy ta Suwidin, lissafin yana bayar da 13 a sama da 58 a ƙasa, kuma idan jitar mai zangon Gibson ce sai a ƙara kusan kashi 3 cikin 100, domin gajeren zango yana rage ja da kimanin kashi 6 cikin 100. A nan ne fakiti irin 12-60 yake shigowa. Saitin B, wanda Amon Amarth da Carcass suka shahara da shi a jita mai tsirkiya shida, yana da wata dabara mai kyau da ba kowa ne yake lura da ita ba. A wannan saiti tsirkiya ta biyar tana kan E, ta huɗu tana kan A, ta uku tana kan D, wato muryoyin da 46 da 36 da 26 suke ɗauka a saitin yau da kullum. Saboda haka sai ka ɗauki fakitin 10-46, ka ajiye mai lamba 10, ka matsar da sauran gurbi ɗaya, sannan ka ƙara 60 ko 62 a ƙasa. Fakitin 13-62 na baritan da D'Addario ke yi da wannan tsari aka haɗa shi.

Saitin dirof shi ne inda mutane suka fi yin asarar kuɗi, kuma dalilin a fili yake. A wannan tsari ana sauke tsirkiya ta shida da ƙarin matakai biyu fiye da sauran, domin a iya kama haɗin sauti mai nauyi da yatsa ɗaya a kwance. A dirof C, wanda System of a Down ta yi suna da shi, tsirkiyoyi biyar sun sauka da matakai biyu ne kawai, ta shida kuwa da huɗu. Idan ka sayi fakitin da aka ƙara wa kowace tsirkiya kauri bai ɗaya, ɗayan biyu ne zai faru: ko dai ta shida ta yi laushi alhali sauran sun yi daidai, ko kuma ta shida ta yi daidai sauran su ɗame har su gagari yatsu. Lissafin mai 10-46 a dirof C yana bayar da 11, 15, 19, 29, 40 da 58. Fakitin 11-56 na D'Addario, mai 11, 14, 19, 32, 44 da 56, ya kusanci wannan sosai. Beefy Slinky na Ernie Ball, mai 11-54, shi ma ana amfani da shi da yawa, sai dai ta shidansa za ta tsaya wajen kilo 7, wanda wasu hannuwan suke so wasu kuma suke ganin ya yi sako-sako. Wanda ya saba da 9-42 yana iya ɗaukar fakitin 10-46 ya cire ta shida ya maye gurbinta da 52 ko 54, kuma a ganina wannan haɗin ya fi fakitin 10-52 da ake sayarwa daidaito, domin ta huɗu da ta biyar na wancan fakiti, 30 da 42, sun fi abin da saukar matakai biyu take bukata. Dirof B irin na Slipknot yana bin ƙa'ida ɗaya: biyar sun sauka da matakai uku, ta shida da biyar, don haka 12 a sama da 60 ko 62 a ƙasa.

Daga nan za a gane amfanin sayen tsirkiya ɗai-ɗai. Duk manyan kamfanoni suna sayar da su a ware, kuma mai kiɗa da saitin dirof da ya tanadi 'yan tsirkiyoyin ƙasa masu kauri daban-daban ya huta da neman fakitin da zai dace da shi ta kowace fuska.

Tsirkiya ta uku tana bukatar kulawa ta musamman, domin ita ce take kan iyaka tsakanin tsura da mai naɗi. A fakitin da aka saba tsurar waya ce mai kauri 16 ko 17, kuma haka take da daɗin turawa idan ana son lanƙwasa murya. To amma idan aka bi lissafi aka kai ta 22 ko 24 tana tsura, sai ta sandare, muryarta ta yi kaifi marar daɗi kamar ana dukan ƙarfe, ta fi maƙwabtanta ƙara a wajen maɗaukin sauti, wato maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi mai ɗaukar kaɗawarsu zuwa amfilifaya, kuma ƙaramin matsi na yatsa ya isa ya haurar da muryarta daga saiti. Fakitin Not Even Slinky na Ernie Ball mai 12-56 yana zuwa da tsurar 24, kuma da yawa daga masu saye sukan canza ta. Shawarata ita ce kada tsura ta wuce 20, ko 21 idan an matsa. Idan lissafi ya nemi fiye da haka, a koma mai naɗi ta 22 ko 24 ko 26. Abin da za a rasa shi ne sauƙin lanƙwasa murya, domin mai naɗi tana bukatar a tura ta da nisa kafin muryarta ta haura, don haka mai yawan kiɗan kaɗaici a firet na sama yana iya gwammace ya zauna da tsurar 19 ko 20 ko da ta ɗan yi laushi. Mai riƙe da duka da haɗin sauti kuwa zai ji bambanci nan take idan ya sa mai naɗi, domin haɗin zai zauna lafiya.

Kauri ba shi ne nauyin sauti ba

Akwai wata fahimta da ta yaɗu cewa gwargwadon kaurin tsirkiya gwargwadon nauyin kiɗa, kuma tarihin wannan kiɗa da kansa ya ƙaryata ta. Tony Iommi na Black Sabbath, wanda ake ɗauka a matsayin ɗaya daga cikin iyayen hebi metal, ya rasa kan yatsunsa biyu na hannun dama a wata masana'antar ƙarfe a Birmingham yana ɗan shekara 17, kuma da yake bahago ne, da wannan hannu yake danna tsirkiya. Ya haɗa wa yatsun hulunan roba, ya nemi tsirkiyoyi mafi siranta da zai iya samu har da na banjo, sannan a faifan Master of Reality na 1971 ya sauke saitinsa da matakai uku zuwa C mai ɗori, wato mataki ɗaya sama da C, domin ya ƙara rage wa yatsunsa zafi. Da sirara ƙwarai, a kan Gibson SG mai gajeren zango, ya fitar da sautin da har yau ake kwaikwayo. Laushin tsirkiyar yana cikin abin da ya ba kiɗansa wannan rangajin da jan ƙafa.

Abin lura a nan shi ne salon kiɗa yana da ta cewa a kan yawan ɗamewar da ake bukata. Idan aka daki tsirkiya da ƙarfi, lilon da take yi yana ƙara mata ja na ɗan lokaci, sai muryar ta haura sama kafin ta dawo mazauninta, kuma gwargwadon laushinta gwargwadon nisan wannan haurawar. A kiɗa mai tafiyar hawainiya, inda ake barin sauti ɗaya ya daɗe yana amo, wannan hawa da saukar yana iya zama ado, kuma kilo 6 a tsirkiyar ƙasa ya isa. A kiɗa mai gudu kuwa, inda fik, wato ɗan robar da ake kaɗa tsirkiya da shi, yake hawa da sauka babu tsayawa, tsirkiya mai laushi ba ta dawowa wurinta kafin duka na gaba ya same ta, sai hannu ya riƙa laluben ta, kuma kowane sauti yana fita a haure domin ba a ba shi lokacin sauka ba. Irin wannan yana bukatar kilo 7.5 zuwa 9. Nauyin hannu ma yana shiga lissafi: mai duka da ƙarfi da fik mai kauri yana bukatar ɗamewa fiye da mai sassauƙan hannu.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, kauri yana da iyakar da idan aka wuce ta sai ya fara cutarwa. Tsirkiya ba murya ɗaya take fitarwa ba, akwai uwar murya sannan akwai 'ya'yanta a samanta, waɗanda ya kamata su kasance ninki biyu da uku da huɗu na uwar. Idan tsirkiya ta yi kauri ƙwarai a kan gajeren zango, takan fara hali irin na sandar ƙarfe, 'ya'yan muryoyin su haura sama da inda ya kamata su tsaya, hasken sautin ya dushe, amon ya gajarta. Da yake gurɓata sauti da amfilifaya ke yi yana fito da waɗannan 'ya'yan muryoyi fili, kunne yakan ji kamar jitar ba ta kan saiti ko da na'urar saiti ta nuna komai daidai. Shi ya sa jitar bas, wadda tsirkiyarta ta ƙasa take kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, take da zangon inci 34. A jita mai zangon 25.5, ina ganin B ko A shi ne iyakar da ake kaiwa cikin kwanciyar hankali, da kauri tsakanin 60 da 70. A mai zangon 24.75 matsalar takan fara bayyana da wuri. Ƙasa da haka maganin yana ga zango. Ƙarin inci ɗaya da rabi, daga 25.5 zuwa 27, yana ƙara ja da kusan kashi 12 cikin 100, wato daidai da mataki guda, kuma hakan yana ba da damar amfani da tsirkiya mafi siranta wadda muryarta ta fi fita tas.

Jita mai tsirkiya bakwai, wadda Ibanez ta fitar da ita kasuwa a 1990 tare da Steve Vai kuma Korn ta yaɗa ta a saitin A, tana zuwa da fakiti irin 10-56 ko 10-59. Mai 56 a kan B, wato muryar tsirkiya ta bakwai, ta ɗan yi laushi idan aka kwatanta da sauran, 59 ta fi dacewa, idan kuwa za a sauke ta zuwa A sai a nemi 64 zuwa 68. Mai tsirkiya takwas, wadda Meshuggah ta Suwidin ta sa duniya ta san ta, tana da ta ƙasa a kan F mai ɗori, kusan kaɗawa 46 a daƙiƙa. Fakitin da aka fi samu yana ƙarewa da 74, amma lissafi yana nuna cewa a zangon inci 27 ana bukatar wajen 77 zuwa 80 kafin ta yi daidai da 46 a kan E. Jitocin Meshuggah da kansu suna da zangon da ya haura inci 29 saboda wannan dalili. Akwai kuma jitoci masu karkatattun firet, inda zangon tsirkiyar ƙasa ya fi na ta sama tsawo, waɗanda aka ƙera domin ƙasa ta ɗame ba tare da sama ta gagari yatsu ba.

Game da ƙarfen da aka yi tsirkiya da shi, maganar ba ta da tsawo. Mafi yawa suna da wayar ciki ta baƙin ƙarfe mai kusurwa shida da naɗin ƙarfe da aka shafe da nikel, kuma wannan shi ne zaɓin da ya dace da kusan kowa. Naɗin ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi haske da cizo, abin da ke taimakon saukakken saiti, amma ya fi kaushi a yatsa kuma yana saurin cin firet. Naɗin zallar nikel yana da taushin murya da ƙarancin ƙarfi a wajen maɗaukin sauti, don haka bai cika dacewa da wannan aiki ba, haka ma tsirkiya mai shafaffen naɗi da masu kiɗan jaz suke so. Masu rufin roba siririya irin na Elixir sun fi tsada amma sun fi daɗewa, kuma ga mai gumin hannu, ko wanda ke zaune inda damina take sa ƙarfe tsatsa cikin 'yan kwanaki, kuɗin ba ya tafiya a banza. Abin da nake gargaɗi a kansa da babbar murya shi ne tsirkiyar jitar da ba ta lantarki ba. Fakitinta yakan zo da lambobi masu jan hankali kamar 12-53 ko 13-56, kuma ya fi sauƙin samu a shaguna, amma naɗinta na tagulla ne, maganaɗisun maɗaukin sauti ba ya jin tagulla, don haka tsirkiyoyin ƙasa da ake nema su yi ƙarfi su ne za su fito a raunane. Tsirkiyar bas ita ma ba ta shiga yawancin jakunan jita, domin ƙwallon da ke gindinta ya fi girma.

Gyaran jita bayan an sa sababbin tsirkiyoyi

Sa tsirkiya mai kauri ba tare da gyara jitar ba yana sa mutum ya zargi tsirkiyar da laifin da ba nata ba. Abu na farko shi ne matashin wuya, wanda aka yanka ramukansa daidai da 42 ko 46. Mai kauri 56 ko 60 ba za ta zauna a gindin ramin ba, za ta hau bisa ko ta maƙale, sai firet na farko su yi tauri, muryarsu ta haura, kuma a riƙa jin ɗan ƙas idan ana juya kunne. Ana faɗaɗa ramin da zarto na musamman, a faɗi kawai ba a zurfi ba, sannan a goga bakin fensir a ciki domin santsi. Aiki ne da ba ya komawa baya, don haka wanda bai da kayan aiki ya kai wa mai gyara, kuma ya san cewa idan ya koma sirara daga baya mai yiwuwa ne ya bukaci sabon matashi. Ramin kunnen saiti shi ma yana iya ƙin karɓar tsirkiyar da ta kusanci 70. A nan ana iya warware naɗin waje daga ƙarshen tsirkiyar gwargwadon abin da zai shiga ramin, ko a sa mai gyara ya faɗaɗa shi.

Sai wuyan jita, wanda sandar ƙarfen da ke cikinsa take riƙe da shi a kan jan tsirkiyoyi. Idan ka bi lissafin da ya gabata, jimillar ja ba za ta canza sosai ba, kuma wuyan zai zauna kusan inda yake, wanda yana daga cikin fa'idodin wannan hanya. Duk da haka a duba: a danne ta shida a firet na farko da kuma inda wuya ya haɗu da gangar jita, a dubi tazarar da ke tsakaninta da firet na bakwai ko na takwas, wadda ya kamata ta kasance wajen kashi ɗaya cikin huɗu na milimita. Idan za a juya sandar, kada a wuce rubu'in zagaye a lokaci guda, a kuma bar katako ya huta kafin a sake aunawa. Mazauna inda hunturu yake busar da katako sannan damina ta kumbura shi su riƙa maimaita wannan awo idan yanayi ya juya. Tsayin tsirkiya daga firet na 12 yakan tsaya wajen milimita 2 a ɓangaren ƙasa, kuma saukakkiyar tsirkiya mai faɗin lilo tana iya neman ɗan ƙari. Maɗaukin sauti ma a ɗan sauke shi idan sabuwar tsirkiyar ta matso kusa da shi, domin maganaɗisu yana jan ƙarfe mai kauri har ya sa murya rawa.

Daga nan sai daidaita sirdi. A saita tsirkiya a sake, sannan a danna ta a firet na 12 a duba na'ura. Idan muryar ta haura, a ja sirdin baya, nesa da wuya, idan kuma ta gaza a matso da shi gaba. Tsirkiya mai kauri kusan kullum tana neman a ja baya, kuma a jaki irin na Gibson, wanda sirdinsa bai da filin tafiya mai yawa, ana iya kaiwa bango kafin a samu daidai. Juya fuskar sirdin yana ƙara ɗan fili, idan kuwa hakan bai isa ba, alama ce cewa kaurin ya wuce abin da jitar za ta ɗauka. Mai jaki mai shawagi irin Floyd Rose yana da ƙarin aiki, domin jakin yana tsaye ne a kan daidaito tsakanin jan tsirkiyoyi da jan sifirin da ke bayan jita, kuma duk canjin kauri ko saiti yana bukatar a sake juya sukurorin sifirin har farantin jakin ya kwanta daidai da gangar jita. Irin wannan jita a zaɓa mata saiti ɗaya a bar ta a kansa.

Bayan an ja sababbin tsirkiyoyi da hannu sau da dama har sun daina sauka, a saita ta ƙasa da irin dukan da za a yi mata a kiɗa. Wanda ya shafa ta a hankali ya jira allurar na'ura ta tsaya zai tarar muryarsa tana haurawa a duk dukan gaske, don haka mai kiɗa da gudu ya riƙa dukanta a kai a kai yana saita farkon sautin, ko da hakan ya sa wutsiyarsa ta ɗan gaza. Idan har yanzu sauti yana cakuɗewa, a duba amfilifaya kafin a sake sayen tsirkiya: rage ƙarfin gurɓatawa, da rage ƙasan sauti kafin ya shiga amfilifaya, wanda masu wannan kiɗa suka daɗe suna yi da feda, wato ɗan akwatin sarrafa sauti da ake takawa da ƙafa, irin Tube Screamer, yana tsaftace saukakken saiti fiye da ƙarin kauri. A yi mako ɗaya ko biyu ana kiɗa da haɗin da aka zaɓa kafin a yanke hukunci, domin hannu yana bukatar sabo, sannan idan akwai tsirkiyar da ta yi laushi ko ta yi tauri a canza ita kaɗai da lamba biyu sama ko ƙasa, a rubuta abin da aka sa da saitin da zangon jitar. A riƙa goge tsirkiyoyi da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa, kuma a tuna cewa masu naɗi na ƙasa su ne suke fara mutuwa, domin gumi da datti suna shiga tsakanin naɗin su kashe hasken da saukakkiyar murya take dogara da shi kafin a ji ta a cikin ganguna da bas. Wanda zai shiga ɗakin ɗaukar sauti ya sa sababbi kwana ɗaya kafin ranar, ya ja su har su zauna, ya sake duba sirdi da safe.